Hoton da aka goge a zauren Hausawan Legas, da muhawarar da ta biyo baya

Malam Sani Agege (Admin): Assalamu alaikum jama'a. Na goge hoto da bidiyon yaron nan da ya kashe kansa, waɗanda aka turo da asuba, kuma duk wanda ya sake turowa zan cire shi daga zaure. Yaron yana da uwa a gida, mai yiwuwa ko labari bai kai mata ba tukuna. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri.

Alhaji Garba Mile 12: Wa alaikumussalam. Malam Sani, ni na turo, kuma ba don tozarci ba. Na turo ne don yaranmu su gani su ji tsoro. Mu da muka zo Ikko tun zamanin manyan motocin bas na molue mun kwana a ƙarƙashin gada, mun ci gari da ruwa, ba wanda ya taɓa tunanin hallaka kansa. Yaran yanzu imani ne ya yi ƙaranci, sai waya da ƙwaya.

Sista Hadiza: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma hoton nan ba tsoro yake sawa ba. Mai lafiya zai gani ya ce subhanallahi ya wuce. Wanda dama yake cikin duhu, shi kuma hanya aka nuna masa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yadda ake yaɗa irin wannan labari cikin manyan abubuwa huɗu na rigakafi: kada a nuna hoto, kada a faɗi da me mutum ya yi, kada a faɗi wurin. Mutum sama da 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara a duniya, kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu. A cikinsu akwai masu sallah a sahun gaba.

Alhaji Garba Mile 12: Hadiza, wannan lissafin Turawa ne.

Malam Nura Idi-Araba: Alhaji, bari in sa baki, tunda an taɓo imani. Haramcin kashe kai ba wanda ya yi jayayya a kansa, ayar tana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 29. Amma mutane suna karanta farkonta su bar ƙarshenta, inda Allah ya ce shi mai jinƙai ne a gare mu. Sannan akwai hadisi a Sahihu Muslim wanda kullum nake tunawa in na ga 'yan ci-rani. Wani mutum ne daga ƙabilar Daus ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufail bin Amr. Garin bai karɓe shi ba, ya kwanta ciwo, ya kasa jurewa, ya jikkata hannunsa har ya mutu. Ɗufail ya gan shi a mafarki an gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannayensa a lulluɓe. Da ya ba Manzon Allah (SAW) labari, sai ya roƙa masa cewa Allah ya gafarta wa hannayen ma. Ku duba fa: baƙo, a garin da ba nasa ba, ga ciwo, ga kewar gida. Wannan ai yaranmu ne na Legas. Kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa wanka da sallah, musulmi ne mai zunubi, lamarinsa yana hannun Allah. Don haka masu rubuta "ɗan wuta" ƙarƙashin hoton ɗazu, su ji tsoron Allah, ba a ba su mabuɗin wuta ba.

Jamilu Alaba Rago: Allah gafarta Malam, wallahi ban taɓa jin wannan hadisin ba.

Bashir Ɗan Sakkwato: Ni zan yi magana, duk wanda zai yi dariya ya yi. Lokacin da gwamnati ta hana okada a watan Yunin 2022, Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, muka koma wajen Mushin da Ketu muna lallaɓawa. Watan Satumba aka haɗa da Mushin da Kosofe da Oshodi da Shomolu. Aka kama mashin ɗina, kuma ba nawa ba ne, na biyan bashi ne, ban gama biya ba. A gida an saba duk Juma'a ina turo kuɗi. Sai na daina ɗaga wayar mahaifiyata don ban san me zan ce mata ba. Barci ya ɗauke. Abinci ko an ba ni ba na jin ɗanɗanonsa. Ina sallah Alhaji, ban taɓa fasawa ba, amma in na yi sujada sai in ji kamar kada in ɗago. Muna mu bakwai a ɗaki ɗaya, ba wanda ya lura, kowa da tasa. Wanda ya lura mai shayin bakin layinmu ne. Shi ya ce, Bashir kwana nawa kana biyan shayi ba ka sha. Ya zaunar da ni bayan ya tashi, ya tambaye ni kai tsaye ko ina tunanin kashe kaina. Na ce e. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ranar.

Maman Khalifa: Allahu akbar. Sannu Bashir. Allah ya saka wa mai shayin nan da Aljanna.

Alhaji Garba Mile 12: To amma tambayar mutum haka gatse-gatse, ba sa masa abin a rai ba ne? Ni da kunya ma ba zan iya ba.

Dakta Kabiru: Alhaji, an yi bincike a kan wannan sau da dama, tambaya ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Wanda yake da shi kuma sauƙi yake samu, don ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai. Abin da mai shayin ya yi shi ake koya mana a makarantar likitanci, shi ya yi ba tare da an koya masa ba. Ga abin da za a kula da shi: mutum ya yi sati biyu ko fiye ba walwala, abin da yake so da ya daina sha'awarsa, barci ya lalace, ya janye daga majalisa, yana cewa shi nauyi ne a kan mutane, ko ya fara raba kayansa yana neman gafara ba tafiya a gabansa. Wanda ya taɓa gwadawa a baya shi ya fi kowa shiga haɗari, kada a ce ai wasa yake ko neman a kula shi. In ya ce e, kada a yi masa wa'azin wuta a lokacin, kada a yi masa alƙawarin ɓoyewa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a raka shi asibiti. Raka shi, ba a ce masa ya je ba. In abin gaggawa ne 112 ko 767, kyauta ne a Legas.

Bashir Ɗan Sakkwato: Dakta, wannan rakiyar ita ce magana. Karo na farko ni kaɗai na je wani asibiti. Matar da ke bayar da kati tana Yarbanci, likita yana Turanci, ni Pidgin ɗina na ɗaukar fasinja ne. Ya ce me ke damunka, na ce kaina ke ciwo, jikina ba ƙarfi. Aka yi gwajin maleriya da taifot, aka rubuta min magani, na dawo yadda na je. Ta yaya zan faɗi abin da ke zuciyata da yaren da iyakarsa "where you dey go"? Sai da ƙanin mai shayin, wanda ya yi boko, ya bi ni, sannan aka gane.

Sista Hadiza: Abin da muke gani kenan kullum a cibiyar da nake aiki. Mutanenmu ba sa zuwa su ce ina cikin damuwa. Cewa suke ƙirjina ya yi nauyi, kaina yana zafi, wani abu yana min yawo a jiki, zuciyata tana bugawa. In layi ya yi tsawo, ma'aikaci ya rubuta maganin maleriya ya kira na gaba. Wasu kuma ba sa ma zuwa, kemis suke tsayawa.

Barista Aminu: Akwai wani tsoron da ba a ambata ba, tsoron 'yan sanda. Mutane da yawa suna ɓoye wanda ya yi yunƙuri a ɗaki suna ba shi manja da madara, don kada a kai asibiti a ce za a kama shi. Tsoron yana da tushe. Sashe na 327 na Criminal Code da ake aiki da shi a kudu ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, sashe na 231 na Penal Code a Arewa ma kusan haka. Amma Legas ta canza nata tun dokar laifuka ta 2011: abin da kotu za ta yi shi ne umarnin a kai mutum asibiti, ba kurkuku ba. A matakin tarayya kuma, a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙin a sirranta bayaninsa da kuma kada a wulaƙanta shi. Aiwatarwa dai sai a hankali, kun san ƙasar. Abin da nake so ku riƙe: a garin nan, kada tsoron hukuma ya hana ku kai mutum asibiti.

Dakta Kabiru: Kuma don Allah a daina ɗura manja ko sa mutum amai. Yana iya shiga huhu ya ƙara lalata lamarin. A ɗauki kwalbar abin da ya sha a tafi da ita, likita ya gani.

Jamilu Alaba Rago: To wane asibitin? Kada ku ce Yaba. Mutum ya shiga Yaba Left ai ya gama aure a unguwa.

Dakta Kabiru: Jamilu, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba tun 1907 yake, kuma mafi yawan masu zuwa can ba kwantar da su ake yi ba, ganin likita suke su karɓi magani su koma wurin aikinsu. Wataƙila akwai wanda kake ciniki da shi kullum yana zuwa ba ka sani ba. In sunan ne matsala, akwai asibitocin koyarwa: LUTH tana nan Idi-Araba a tsakiyar Hausawa, LASUTH tana Ikeja kusa da mutanen Agege, duk suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. A LUTH ɗin ne ma aka kafa SURPIN a 2017, masu aikin hana kashe kai, suna da layukan waya har da na masu jin Hausa. Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na ficewa waje. Don haka in muka ce sai likita zai yi komai, mun yaudari kanmu.

Malam Nura Idi-Araba: Dakta, ina da ƙorafi a kanku ku ma. Wasunku in marar lafiya ya ce ya je wurin malam, sai a yi masa kallon jahili. Alhali mu ake fara kawo wa. Ƙarfe biyun dare ƙofata ake bugawa, ba ta LUTH ba.

Dakta Kabiru: Gaskiya ne Malam, kuma ba sabon abu ba ne a haɗa hannu. Farfesa Adeoye Lambo a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro, nan Abeokuta, tun 1954 ya riƙa sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya, duniya ta zo tana koyo. Ni ba ni da matsala da ruƙya. Matsalata da wanda zai ce a ajiye maganin asibiti, da wanda zai sa mari da bulala. Kun tuna gidan da aka buɗe a Rigasa, Kaduna, a Satumbar 2019, aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna neman gyara. Sannan maganin damuwa ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ji canji. A wannan tsakanin ne ake cewa bai yi ba, a watsar. A nan muke buƙatarku, ku ce wa mutum ya ci gaba da sha, ga addu'a kuma.

Malam Nura Idi-Araba: Wannan na yarda. Neman magani umarnin Annabi ne. Annabi Yaƙubu ma baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ne ya ragu.

Maman Khalifa: Maza kun cika zauren da maganarku, bari mu ma mu faɗi tamu. A gida mace in ta haihu tana gaban uwarta, ana mata wankan jego, ana dama mata kunun kanwa, wata ta karɓi jariri ta yi barci, har arba'in. A nan fa? Ɗaki ɗaya a gidan haya, miji ya fita tun asuba sai dare saboda go-slow, maƙwabta ba yarenku ɗaya ba, kuɗin mota zuwa Kano ya fi ƙarfin mutum balle a je goyon ciki. Na san wata amarya da aka kawo daga ƙauye, haihuwar fari, ta koma ba ta magana, jariri na kuka tana kallon bango. Mijin ya ce raini ne. Uwar mijin ta waya ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Ba wanda ya ce ciwo ne. Mu matan layi muka riƙa karɓa-karɓa, wannan ta yi mata wanki, wannan ta zauna da ita, har aka shawo kan mijin ya bari aka kai ta awo aka yi bayani.

Sista Hadiza: Anti kin taɓo inda yake min ciwo. Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa yawancin mata suna yi, yana wucewa cikin sati biyu. In ya zarce haka, ko ta ce ba ta jin son jaririn, ko tana ganin ba ta da amfani, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa kuma yana da magani. In kuwa ta daina barci kwata-kwata, tana surutai, tana jin muryoyi, wannan a ranar za a kai ta, ba a jira gobe. Magidanta, ranar rigakafin jariri ku bi matanku ko sau ɗaya, ku ji abin da ake tambayarsu.

Alhaji Garba Mile 12: Yanzu kuma mu bar kasuwa mu tafi awo. To.

Malama Binta: Alhaji ai ana barin kasuwa a je ɗaurin aure. Ni ta makaranta zan yi. Ina koyarwa a sakandare, kuma yaran Hausawa da ke ajina suna ɗauke da kaya biyu. A makaranta ana kiransu aboki ana dariyar Turancinsu, a gida uba ya ce na kashe kuɗi a kanka, in ka faɗi kada ka shigo min gida. Ku tuna JAMB ta 2025. Sakamako ya fito yara sun zube, aka yi ta zagin su a gidaje, sai daga baya a watan Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa kuskure ne daga na'urarsu, ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas aka sake wa jarrabawa. Zagin da aka yi wa yaro a wancan satin wa zai janye shi? Ranar fitowar sakamakon WAEC ko JAMB rana ce da ya kamata uba ya kasance kusa da ɗansa, ko me ya samu. Makarantu da yawa suna da ofishin mai ba da shawara, amma yara sun ɗauke shi wurin da ake tura mai laifi. Islamiyyunmu kuwa ko wannan babu. Malam Nura, malaman Islamiyya sun fi mu sanin gidan kowane yaro. In yarinya mai surutu ta koma shiru, ko hadda ta zube mata rana ɗaya, kafin a ɗauko bulala a tambaye ta me ya faru a gida.

Malam Nura Idi-Araba: Malama, zan kai wannan taron malamai. Amma ki sani wasu za su ce bokanci ne aka kawo mana.

Jamilu Alaba Rago: Ba wanda ya yi maganar ƙwaya sosai. Yaran da ke dako da turin baro suna shan tramadol ne don su iya aikin, ba don daɗi ba. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma wa ya ce ya ɓace?

Dakta Kabiru: Binciken da aka yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Ƙwaya da damuwa suna jan juna, wani damuwar ce ta kai shi, wani ƙwayar ce ta jawo masa. Kora daga ɗaki ba ta maganin ko ɗaya. Amma Alhaji Garba, akwai abin da ku 'yan kasuwa za ku iya wanda ni ba zan iya ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari ne. Sau da yawa tunanin na ɗan lokaci ne, in abin bai kusa da hannu ba, sa'ar ta wuce, mutum ya rayu, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ba sa mutuwa ta wannan hanyar daga baya. Sri Lanka ta hana magungunan gona mafi haɗari, kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a cikin shekara ashirin. A nan NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabe na irin wannan a kasuwanni a 2019, amma ka zaga ka gani, suna nan a kan tebur kusa da ashana. Masu wake da hatsi kuma suna ajiyewa a rumfar da yara ke kwana.

Alhaji Garba Mile 12: Wannan kam gaskiya ne, a rumfata ma akwai. Zan sa a kulle a akwati, mabuɗi a hannuna. Amma ni har yanzu ina nan a kan bakana, yunwa da rashin aiki ne tushen abin. Ka ba yaro jari ka ga ko zai yi damuwa.

Bashir Ɗan Sakkwato: Baba, rabi gaskiya ne. Amma lokacin da nake cikin abin, ko an ba ni jari ba zan iya tashi in juya shi ba. Sai da na samu sauƙi sannan na iya karɓar Keke.

Barista Aminu: Kuma masu kuɗi ma suna yi, Alhaji, ba a dai turo hotonsu ne.

Malam Sani Agege (Admin): To jama'a, kada mu watse a kan surutu. Ga abin da na tsinta. Muna buƙatar mutanen da ke jin Turanci ko Yarbanci waɗanda za su iya raka mutum asibiti, ko biyu-biyu a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago. Dakta da Sista su zauna da su su koya musu abin da za su tambaya da abin da ba za su faɗa ba. Malam Nura ya nema mana limamai su yi huɗuba, ko a daidaita da 10 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don wannan. Ni zan nemi ganin Sarkin Hausawa a kan asusun kuɗin kati da mota.

Sista Hadiza: Sharaɗi ɗaya: wanda bakinsa ba ya riƙe magana kada ya sa sunansa. In sirrin mutum ɗaya ya fita majalisa, ba wanda zai sake zuwa.

Bashir Ɗan Sakkwato: A sa ni a Idi-Araba. Turancina kaɗan ne amma na san ƙofar da ake shiga da inda ake yankar kati.

Maman Khalifa: Admin, duk sunayen da ake turowa na maza ne. Mace mai jego ba za ta bi namiji asibiti ba, mijinta ma ba zai bari ba. A buɗe mana namu jerin, kuma zaman koyarwar kada a sa shi da yamma lokacin girki. Asabar da hantsi, a Islamiyya.

Malam Sani Agege (Admin): An karɓa Hajiya. Ki tattara na mata ki turo wa Sista ta akwatinta, ba nan ba. Alaba Rago har yanzu ban ga kowa ba, Jamilu kai nake jira.